Igiyar Auna Ƙofa

Dillalin bai ma gama buɗe kwaɗon ba Auta ta san an sake yin zuwan banza. Ta daɗe da daina kallon ɗaki kafin ta kalli ƙofarsa.

Ɗakin kuwa ba laifi. Ciki da falo ne a bayan wani dogon gida, ga taga biyu, ga famfo a tsakar gida wanda dillalin ya rantse yana kawo ruwa, ko da yake da Dogo, saurayinta, ya murɗa shi tari kawai ya yi. Kuɗin hayar ma, a wannan zamani da komai ya haukace, ba za a ce ya yi tsada ba.

"Ku dai ku shiga ku ba idonku abinci," in ji dillalin yana kaɗa makullai. "Mutane na nan suna bina a kan ɗakin nan, don dai ku ne."

Dogo ya matsa bakin ƙofar. Ya zaro wata farar igiya daga aljihu, wadda ta fara komawa ruwan ƙasa saboda yawo, ya dafa bakinta a wannan gefen ƙofar ya ja zuwa wancan. Igiyar ta wuce ƙofar da kusan taƙi guda, ragowar na lilo.

Dillalin ya riƙe haɓa. "Yau kuma? Malam, ni fa tunda nake sana'ar nan ban taɓa ganin mai neman ɗaki da igiya ba. Aure za ku yi ko mota za ku ajiye?"

Da a farko ne da Auta ta yi dariya. Yau kuwa juya baya ta yi, don kada dillali ya ga idonta.

Igiyar nan tana da tarihi. Mahaifin Auta tsohon kafinta ne, irin waɗanda in sun haɗa kujera jikoki ke gadonta. Shekarar da mahaifiyarta ta rasu ya haɗa wa autarsa gado, shi ne kuma aikinsa na ƙarshe kafin hannunsa ya fara rawa. Gado ne na jan katako, da akwatuna a ƙarƙashi da dogon allo mai zanen ganye, babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, katako ne ya ciji katako aka bi da gam. Ba ya warwaruwa.

Ranar da Dogo, mai fentin da ya daɗe yana son Auta, ya durƙusa gabansa da maganar aure, Baba bai ce a'a ba. Igiyar nan ya miƙa masa.

"Gadon nan da ita zai tafi, a yadda yake. Ko an karkata shi, ga faɗin ƙofar da zai shiga. Ka nemo ɗakin da igiyar nan ta yi wa daidai, ka dawo mu tsayar da rana."

A ranar har godiya suka yi, suna ganin an yi musu sauƙi. Ba su san cewa masu gina ɗakunan talakawa kamar sun haɗa baki ba ne, kowa ya matse ƙofa don ya rage kuɗin ƙarfe. Inda ƙofa ke da faɗi kuwa, kuɗin hayar ne ke korarsu tun daga bakin titi. Damina ta wuce, wata ta kama, suna nan suna aune-aune.

"Babu wani ɗan ɗaki a gefe?" Dogo ya tambayi dillalin yana leƙa lungu. "Ko sito ne, in dai yana da taga."

Auta ta juyo da sauri. "Kullum sai ka yi tambayar nan. Ɗaya ya gagare mu kana neman biyu? Me za ka zuba a ciki, bokitan fenti?"

Ya sosa ƙeya yana murmushi. Murmushin nan nasa shi ya fara sace mata zuciya, amma yau haushinsa ta ji.

Sai da suka fito bakin titi, yana ƙoƙarin tayar da babur ɗinsa, sannan ta yi magana a hankali.

"Na gaji, wallahi na gaji. Ƙawayena da muka fara aiki tare a kantin magani duk sun yi aure, wasu har da goyo. Ni kuwa an san ni a gari da bin lunguna da igiya. Ko za ka koma ka roƙi Baba?"

"Ba zan roƙe shi ya janye maganarsa ba," in ji Dogo. "Dattijo ne. Ki ƙara haƙuri kaɗan, akwai wurin da nake bibiya."

"Haka ka ce wancan watan."

Ta fizge igiyar daga hannunsa ta cusa a jaka. "Ka huta da ita. Ni ma in huta da gani."

Bai hana ta ba. Kallo kawai ya bi ta da shi har ta tsayar da motar haya.

* * *

Tun daga ƙofar gida ta ji ƙamshin turaren, irin mai tsayawa a maƙogwaro. Ɗan mai gidansu ya zo ya tafi ke nan. Shi ke karɓar wa mahaifinsa kuɗin haya, kuma tun da ya ga Auta ya mayar da karɓar haya sana'ar kowane mako.

A falo ta tarar da Gwaggo, ƙanwar Baba, ta sa kwalin da ɗan mai gidan ya kawo a gaba tana fito da kaya ɗaya bayan ɗaya kamar mai buɗe shago. Ga man girki, ga sukari, ga sabulu, ga gwangwanayen madara. Baba na kujerarsa ta kusa da taga, hannuwansa biyu a matse tsakanin gwiwoyi kamar yadda yake yi in ba ya son a ga suna rawa.

"Sannu da yawo, sarauniyar igiya," in ji Gwaggo. "An dace?"

"Ba a dace ba, Gwaggo."

"Dama. To zauna ki ji. An ƙara kuɗin gidan nan, ƙari kuma ba na wasa ba, daga ƙarshen wata. Yaron nan da bakinsa ya faɗa, har yana jin nauyi. Amma ya ce in da zumunci ya ƙullu, ai ba a yi wa suruki maganar haya."

Auta ta zauna a hannun kujera. Ita ta san abin da gidan nan yake ci, don albashinta ne ke riƙe da shi. Ita ta kashe firij tun bara saboda kuɗin wuta. Ita ke zuwa da tukunyar gas a zuba mata rabi, tana yi wa mai sayarwa ƙaryar wai nauyi ne ba ta iya ɗauka. Shayin safe ya daɗe da rabuwa da madara, Baba kuma ya ce dama shi baƙi ya fi so, ita ma ta yi kamar ta yarda. Yayyenta maza biyu suna can nesa, kowa da nasa kukan, in sun turo wani abu wannan watan sai a yi biyu ba a ji su ba.

"Gwaggo, ni ba kuɗin haya ba ce," ta ce.

"Wa ya ce ke kuɗin haya ce? Ji min yarinya! Ni dai gaskiya nake faɗa miki, ba wanda zai ɗaure ki ya kai ki. Shi mai fentin naki mutumin kirki ne, ban ce ba. Amma kirki ake dafawa? Mutumin da ke gyara gidajen mutane su yi kyau a ƙara musu kuɗi, shi ko ɗaki ɗaya ya kasa kamawa. Wannan kuwa kin ga ƙofar gidansu? Gadon naki da mai shi da ni kaina duk sai mu shige a jere."

Ta juya wurin ɗan'uwanta. "Yaya, ka yi magana mana. Ka yi shiru kamar ba a gidanka ake yi ba."

Baba ya juyo daga taga.

"Na riga na yi magana," ya ce. "Igiya na bayar. Ban canja ba."

"To shi ke nan. Yaron dai ya ce gobe da la'asar zai dawo jin amsa."

Auta ta mayar da kayan cikin kwalin ɗaya bayan ɗaya, ta ja shi bakin ƙofa, ta shige ɗakinta. A kan gadon nan da ya hana ta aure ta kwanta ta yi kukanta, kuma abin haushi, babu gadon da ya kai shi daɗin kwanciya.

* * *

Washegari ba ta da aiki, sai ta yi wanki don ta rage tunani. Ta gama shanya ke nan hadari ya haɗo, ta kwaso kayan a guje. Igiyar shanya na waje tana shan ruwa, ga mayafinta na zuwa aiki a jiƙe. Sai ta tuna da wadda ke cikin jaka.

"Yau dai ki yi amfani," ta ce da igiyar.

Akwai ƙusa a gefen ƙofar ɗakinta inda ake rataya labule. Ta ɗaura bakin igiyar a nan, ta ja zuwa ɗaya gefen.

Igiyar ta wuce ƙofar. Ragowar na lilo, kusan taƙi guda.

Auta ta tsaya da jiƙaƙƙen mayafi a kafaɗa. Ta kwance, ta sake aunawa daga ƙasa. Ta fita falo ta auna ƙofar shigowa. Duk ɗaya.

Sai a lokacin abin ya dawo mata. Ta tuna Baba yana shigo da katako falle-falle, ta tuna makonnin da ta yi tana kwana a falo saboda ɗakinta ya cika da garin katako da warin gam. A cikin ɗakin aka haɗa gadon. Bai taɓa shiga ta wata ƙofa ba, kuma babu ƙofar da zai fita ta cikinta. Sun auna ƙofofin rabin gari, ba wanda ya tuna ya auna ta gida.

Da ta juyo, Baba na kallonta daga kujerarsa. Bai tambaye ta me take yi ba.

Ta je ta durƙusa a gabansa, ta ajiye igiyar a kan gwiwarsa.

"Baba, ka sani?"

"Ni na haɗa shi, Auta. Kafinta ne zai manta faɗin ƙofa?"

"To don me?" Hawaye suka zubo mata. "Don me, Baba? In ba ka son shi ai sai ka ce ba ka so. Rana ta dake mu, ruwa ya dake mu, dillalai sun mayar da mu abin dariya. Bawan Allahn nan ya bar aiki sau nawa don ya je ya auna ƙofa? Me ya yi maka?"

"Bai yi min komai ba. Da zan zaɓa miki da hannuna, shi zan zaɓa."

Ya zaro hannuwansa daga tsakanin gwiwoyi ya ɗaga su a gabanta. Rawa suke, ba ƙaƙƙautawa.

"Kin ga waɗannan? Su suka ciyar da ku. Yau kofin shayi sai na riƙe da biyu. Ranar da yaron nan ya durƙusa a nan, na buɗe baki zan ce na ba shi, sai na hango kaina ni kaɗai a falon nan. Wa zai ɓalle min maganin safe daga takardarsa? Wa zai biya wuta? In an ƙara haya, wurin wa zan je? Na ji kunyar in ce, Auta ki zauna ki ciyar da ni. Uba ba ya faɗin haka. Sai na ce gado."

Ya yi ajiyar zuciya.

"Na ce wata ɗaya ko biyu, kafin in saba da tunanin. Sai na ga kullum kaya na ƙara tsada, tsoron na ƙara girma. Kuna fita da igiyar nan ina roƙon Allah ya ba ku, kuna dawowa babu ina jin sanyi a raina. Kin ji irin uban da kike da shi."

Ta zo da fushi cike da ciki, ta neme shi ta rasa. Tausayi ne ya rufe ta. Ta kama hannuwan nan biyu ta riƙe, suna rawa a cikin nata.

"Da ka faɗa min, Baba."

"Da na faɗa miki da kin zauna. Na san ki. Da kin sallami yaron nan kin ce ba komai, kamar yadda kike cewa kin ƙoshi in abinci bai isa ba."

Sallama suka ji a bakin ƙofa.

Dogo ne, a jiƙe sharkaf, takalmansa sun yi kaca-kaca da taɓo. Auta ba ta ji ƙarar babur ba, kuma da ta leƙa bayansa ba ta gan shi ba.

"Ina babur ɗin?"

"Ya samu wani ubangidan," ya ce, yana cire takalmi. Ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya ajiye makulli biyu a kan tabarma. "Baba, na kama wuri. Can gefen gari ne, da ɗan nisa, rufin yana yoyo a kusurwa ɗaya kuma bango bai taɓa ganin fenti ba. Shi ya sa aka bar min da sauƙi. Gyaran duk aikin hannuna ne."

Idonsa ya sauka a kan igiyar da ke gwiwar Baba, ya ɗago ya ga fuskar Auta. Sai ya sunkuyar da kai.

"Ƙofar fa?" Baba ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Irin ta kowa ce, Baba. Irin wannan." Ya nuna ƙofar ɗakin Auta ba tare da ya kalle ta ba. "Ƙofa nawa na shafa wa fenti a rayuwata? Tun ranar da ka ba ni igiyar na ga ta fi ƙarfin ƙofofin gidan nan."

Auta ta miƙe tsaye. "Kai ma ka sani? Wato ni kaɗai ce sakarya a cikinku, ina bin gari ina kuka?"

"Ki yi haƙuri. In na ce gado ba ya fita, na ƙaryata Baba a gaban 'yarsa. In na faɗa miki, na haɗa ki da mahaifinki. Sai na ga gara in yi ta aunawa har in samu abin da nake nema." Ya tura makulli ɗaya gaba. "Ɗaki biyu ne, Baba. Wannan na mai tagar gabas ne, ƙofarsa daban, ba sai ka bi ta wurinmu ba. Akwai rumfa a gaba inda za ka zauna. In mun haɗa tukunya ɗaya da haya ɗaya, za mu iya."

Sai yanzu Auta ta gane tambayar sito. Kunya da so suka kama ta lokaci guda.

Baba ya daɗe yana kallon makullin, bai taɓa shi ba. Can ya dafa kujera ya miƙe, ya shiga ɗakinsa. Suka ji yana jan akwatin kayan aikinsa da ya yi shekaru a rufe. Ya fito da zarto a hannu.

"Zo, ɗana. Ja min gadon nan daga bango."

Dogo ya yi jim a bakin ƙofar ɗakin Auta, sai da Baba ya sake kiransa sannan ya shiga. Auta ta kwashi makullan ta bi su. Da ya ja gadon, sai ga wani layin fensir a bayan allon, miƙaƙƙe daga wannan gefe zuwa wancan. An bi shi an sake bi har ya yi baƙi, wani wurin a miƙe, wani wurin hannu ya yi rawa.

"In ta tafi aiki nakan shigo in ja layin," in ji Baba. "Yankawar ce na kasa. Ka bi ta nan, allon zai fita salin-alin, in kun isa ka mayar da shi da ƙusa. Na ba ka ita. Ranar da kuka ga dama, ita ce ranar."

Dogo ya karɓi zarton da hannu biyu, idonsa ya cika.

"Amma makullin nan na biyu ka mayar wa mai shi, a rage maka kuɗi ka fanso babur ɗinka," in ji Baba. " Na tsare ta da ƙarya, ba zan kuma bi ta in zauna a kan wuyan mijinta ba. Ni ba zan ci abincin suruki ba. Ku tafi, Allah zai rufa min asiri."

"Baba, ƙarshen wata fa za su..." Auta ta fara.

"Na ce ku tafi."

Abin da Auta ta yi shekara tana roƙo ke nan, an miƙo mata shi a hannu. Ta kalli falon ta ƙofa, ga kujera ɗaya kusa da taga, ga firij a kashe, ga kwalin jiya a bakin ƙofa yana jiran amsa.

Dogo ya ɗora haƙoran zarton a kan layin. Kafin ya ja, ta dafa hannunta a kan katakon, daidai inda zai yanka.

"Auta, ɗauke hannunki," in ji Baba.

"A'a, Baba. Kai ka sa sharaɗinka mun bi, ba mu taɓa yi maka musu ba. Yau ga nawa." Hawaye na zuba amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Gadon nan ba zai fita ba sai da wanda ya haɗa shi. In ka zauna, na zauna."

Daga waje aka danna hon, sau biyu, irin na wanda ya saba a fito masa da gudu. La'asar ta yi.

Ba wanda ya motsa. Auta ta ɗauko makullin mai tagar gabas da ɗaya hannun ta miƙa wa mahaifinta, ta bar shi a buɗe a tafinta. Baba ya kalli makullin, ya kalli hannun 'yarsa a ƙarƙashin zarto.

Aka sake danna hon.

A hankali hannunsa ya fara ɗagowa, yana rawa, ita kuwa ta kasa gane ko karɓa zai yi ko turewa.